Rigar Kujerar Babur

Tun ina budurwa a Gummi nake hayar littattafan soyayya, kuma a cikinsu saurayi ba ya zuwa zance da ƙafa. Nawa a kan jan babur ya zo. Ɗan kabu-kabu ne, yana jigilar 'yan kasuwa da buhunan hatsi tsakanin Adabka da Gummi. Inna ta ce da wannan ƙarar ko kurma ya san na yi baƙo.

Babur ɗin ba nasa ba ne. Na wani dillalin shinkafa ne, shi ke faɗa masa inda zai je, shi ke karɓar mabuɗi kowace yamma. Na sani, amma ban so dangina su sani ba. Ranar da zai yanki katin ƙungiyar 'yan kabu-kabu, na roƙe shi ya ce a rubuta shi mai babur, don ya nuna wa kawuna. Ya yi dariya, ya ce littattafai sun ɓata ni, sannan ya yi yadda na ce. Ni kuma na ɗinka wa kujerar riga mai furanni biyu na jan zare.

Damina ta biyu bayan aurenmu, dillalin ya aike shi Adabka ɗauko kaya. An kwana ana ruwa. Laka ta kwashe tayar baya, babur da buhuna suka danne masa ƙafar dama.

A asibiti aka ce sai an kai shi Gusau an sa ƙarfe. Ƙungiya kuwa tana da ƙa'ida: idan yaron wani ya ji rauni a bakin aiki, maigidansa ke jinya, idan mai cin gashin kansa ne, sai abin da 'yan'uwa suka tara. Yayansa ya je zaman da ƙungiyar ta kira, shi ya ba ni labari. Dillalin bai ɗaga murya ba, ya nemi a kawo katin kawai.

"Ni ba ni da yaro," in ji shi. "Ku duba, mai babur anka rubuta."

Duk wanda ke wurin ya san wa ke riƙe mabuɗi. Amma shugaban ya ce ba za su ƙaryata rubutunsu ba. Abin da aka tara wurin mai ɗori kaɗai ya iya kai mu, ƙafar ta haɗe a karkace.

Mijina bai taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya na fara neman gafara, ina shafa masa man kaɗe, ya katse ni.

"Ke dai kin so in yi kyau," ya ce.

Yanzu fetur yake sayarwa a kwalba a bakin hanya, sandarsa jingine da teburi. Wata ranar kasuwa ina kai masa abinci, jan babur ɗin ya wuce da wani matuƙi. Ba a cire rigar ba, furannin dai sun koɗe. Mijina ya bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ya buɗe kwanon ya tambaye ni miyar me na yi.