Hadari Ya Riga Mu Isa Gurara

Juma'a: Zariya zuwa Suleja

Muna idar da sallar asuba muka bar gida, ni da mai ɗakina Hajiya Rabi, da Malam Sale direba. Sana'ata dillancin doya. Da baro na fara, yau ina loda manyan motoci daga ƙauyukan Suleja zuwa Zariya da Kano. Ban san sau nawa na shiga Suleja ba, amma ban taɓa zuwa hutu ba sai wannan damina.

Dalilin tafiyar kuwa, idanun Hajiya ne suke raguwa. Da hantsi, in rana ta fito tar, tana gani daidai gwargwado. In gari ya lumshe ko yamma ta yi, sai inuwa-inuwa. Likita ya ce ranar Litinin za a kwantar da ita don a yi mata aiki, kuma bai ɓoye mana ba: ana iya dacewa, ana kuma iya rasa ɗan abin da ya rage. Na tambaye ta me take so kafin ranar. Ta ce ruwan Gurara, mai zubowa daga kan duwatsu can gaba da Suleja, wanda ta daɗe tana kallo a kalandar shagona. Sharaɗinta guda ne, kada in gaya wa kowa zancen idon.

"Ba na son a yi ta yi mini sannu kamar an zo gaisuwar rasuwa," in ji ta.

Mun wuce Kaduna gari na wayewa. A wani shinge soja ya leƙo, ya ga kwandon guzuri a cinyar Hajiya, ya ce, "Mama, biki za ku?" Ta ce, "Yawon amarci ne, ɗana, ya ɗan makara." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

A Sabon Wuse muka karya da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, muka ɗora fura mai sanyi. Kafin azahar mun shiga Suleja, muka kama ɗaki a wani otal mai tsabta da ke bayan babbar hanya. Na bar Hajiya tana hutawa, na tafi masallacin Juma'a kusa da fada. Ana sallamewa na ji an dafa kafaɗata. Malam Isiyaku ne, dillalina na kasuwar doya.

"Alhaji, ka shigo gari ba labari? Ko an sake mu ne?"

Na ce hutu na zo da iyali. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Kafin la'asar wayata ta ɗauki zafi. A harkarmu, mai saye ba ya shiga gari ya fita bai gaida mutanensa ba. In ya yi haka, fassarar ɗaya ce: ya koma wani hannu.

Da yamma muka je ganin Dutsen Zuma ta wajen Madalla. Na sha wuce shi ina lissafin lodi, ranar ce na fara tsayawa na dube shi. Hajiya ta ce ita dai tana ganin wani baƙin abu ya tare rabin sama. Ban so jin haka ba. Muka biya muka ci gasasshen kifi da yaji a bakin hanya, na ce mata gobe da sassafe sai Gurara.

Asabar: cikin gari

Muna shirin fita sai ga Madam Saratu a keke mai ƙafa uku har ƙofar otal. 'Yar Filato ce, a sitonta nake tara doya kafin mota ta zo, kuma ko ɗaya ba ta taɓa ɓacewa a hannunta ba.

"Haba oga, ka kawo madam garinmu ka ɓoye ta a otal? Laifin me muka yi?" Ta kama hannun Hajiya. "Yaya, tashi mu je. Ki ƙyale shi, shi doya kawai ya sani."

Hajiya ta yi dariya ta bi ta. A gidan Madam Saratu muka sha gwaten acca mai ganye da ƙashin naman sa, irin na mutanen Filato. Hajiya ta ƙara har sau biyu tana tambayar yadda ake yi. Daga nan babu damar a ce an je gidan Saratu an tsallake na Isiyaku. Can ma tuwon shinkafa da miyar taushe na jiranmu. Muka ratsa babbar kasuwa, Hajiya ta sayi tukunyar ƙasa, tana ƙwanƙwasa ta tana sauraron ƙarar. Azahar na yi aka tsuge da ruwa har magariba.

"Mun ci garin nan dai, Alhaji," in ji ta da muka koma masauki. "Saura mu gan shi."

Lahadi: hanyar Gawu Babangida

Gari ya waye garau, babu ko ɗigon gajimare. Muna cikin mota Baba Danladi ya kira. Shi ne manomin da ya fara sayar mini da doya tun ina ɗaukar 'yar kaɗan a bayan akori-kura, yanzu ya tsufa. Ya ce an haƙe sabuwar doya, kuma ba zai bari ko ɗaya ta je kasuwa ba sai na sa ta a baki. Ƙauyensu a kan hanyarmu yake, kafin Gawu Babangida. Na yi lissafi irin namu: mu ratse, mu gaisa, mu ci loma biyu, mu isa Gurara rana na tsaka. Hajiya ta ce, "Kai ka san mutanenka."

Na san su, shi ya sa abin ke damuna. A gidajen nan ba a ɗora doyar baƙo a wuta sai ya zauna, don ba a ba mutum sakwarar da ta huce. Mun tarar ko fere doyar ba a yi ba, kajin da za a yanka suna kiwonsu a tsakar gida. Baba ya shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaro, mata suka ja Hajiya ciki. Aka yi gaisuwar gona, ta damina, ta waɗanda suka rasu. Ya kai ni na ga doyar, manya-manya, jiƙaƙƙiyar ƙasa a jikinsu.

Malam Sale ya matso ya raɗa mini, "Alhaji, gabas fa ta fara haɗa baƙi."

Can Hajiya ta fito bakin zaure, ta ce a hankali, "Alhaji, rana." A daidai lokacin taɓare suka fara sauka a turmi. Mutum ba ya tashi ya bar gida ana yi masa daka. Na buɗe baki zan gaya wa Baba gaskiyar magana, na dubi Hajiya, ta gane abin da zan faɗa, ta girgiza kai. Na fasa. Ta koma ciki.

Sakwarar kuwa, ba zan rage mata komai ba, ban taɓa cin irinta ba. Fara sol, mai danƙo, da miyar agushi da kazar gida. Baba na ta tura mini cinya yana cewa, "Ci, Alhaji, a otal ba sa ba ku wannan." Ina ci ina kallon sama.

Sai bayan azahar muka fito. Malam Sale ya taka mota iya yadda hanya ta yarda. Muna ratsewa daga titin Minna hadari ya rufe ko'ina, gari ya yi kamar magariba. Tun kafin mu tsaya muke jin rugugin ruwan. Mai tsaron wurin ya ce, "Ku tsaya daga sama, duwatsu da santsi. Kuma ku hanzarta, yanzu za a sako."

Na riƙe hannun Hajiya har inda ake tsayawa.

"Ina yake?" ta tambaya.

"Ga shi nan gabanki."

Ta daɗe tana dubawa. "Wani fari-fari nake gani. Faɗa mini."

Ni da bakina ya saba da ciniki, na rasa ta inda zan fara. Na ce ba fari ba ne kamar na kalanda, ja-ja ne, kamar shayi da madara. Na ce faɗinsa ya fi layin shagunanmu, yana zubowa ta kan baƙaƙen duwatsu, in ya faɗi ƙasa sai ya tashi kamar hayaƙi. Ta miƙa tafin hannunta, feshin ya jiƙa shi, ta shafa a fuska. Aka sako ruwa, muka koma mota a jiƙe.

Litinin: komawa gida

Na so mu sake gwadawa da sassafe, amma da ruwa aka kwana, da shi aka tashi, ga asibiti na jira. Muka kama hanya. Wajen Sabon Wuse Baba Danladi ya kira yana tambayar gajiya. Hajiya ta ce, "Gaya masa, yanzu ba komai." Na gaya masa zancen idon. Sai ya ce:

"Alhaji, ko a kunne ba ka raɗa mini ba? Ai da ni zan shige gaba in kai ku, mu dawo mu ci abincinmu."

Na ba shi haƙuri, muka yi sallama.

Mun isa Zariya kafin azahar. 'Yarmu Ummi ta taro mu a ƙofa, ta karɓi tukunyar, ta ce, "Mama, kin ga ruwan?"

"Na ji shi," in ji Hajiya. "Babanku ne ya gani." Ta wuce ciki ta haɗa kayan asibiti.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Madam Saratu, Malam Isiyaku da Baba Danladi, Allah ya saka muku da alheri, ba ku yi mana komai ba sai karamci. Ina rubuta wannan a barandar asibiti, Hajiya na ciki da bandeji a ido. Wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a.