Hular Kwanon da Habu Ya Bar Mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Habu ya tafi.

Yau da safe ina shan shayi na ji labarin, a group ɗin 'yan gida. Ba wanda ya kira ni. Mutumin da muka yi tuƙin tasi tare a Manchester tun 'ya'yansa ba su iya ɗaura takalmi ba, sai a group zan ji mutuwarsa, har da ɗan hoton fuska mai kuka. To, na gode.

Wai zuciya ce. A gidansa na Birmingham inda ya koma da zama, bayan ya idar da sallar asuba.

Ni Bakano, shi Bazazzagi, ba mu taɓa rabuwa ba mu tsokani juna ba. Amma lokacin da aka yi mini aikin gwiwa, shi ya riƙa tahowa duk sati da kular tuwo. Wasu da ke nan unguwarmu ta Longsight, layi ɗaya da ni, ko leƙe. Sun san kansu.

Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar mota ja mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa, sai ka durƙusa kake shiga. Ku 'yan group kun yi masa dariya, ina ji. Ya ce mini, "Iliya, na ƙare rayuwata ina bin bayan bas a Stockport Road, fasinja na cewa yi sannu. Sau ɗaya dai ina so in taka mota inda babu mai cewa yi sannu."

Track day suke kiran abin. Rana ce da ake buɗe filin tsere, kowa ya zo da motarsa ya zaga.

Ya yi shiri kamar mai tafiya Hajji. Ya canja birki, ya zuba sabon man birki, ya sa sababbin tayoyi, kullum yana duba iska. Ya kwashe komai daga but ɗin motar, har buta da darduma. Ya ce kujera ta biyu tawa ce.

Sai ya ce dokarsu kowa sai ya sa hular kwano.

Na ce a'a. Tun da na yi aure babu wanda ya ga kaina a waje ba hula, ba zan fara a gaban Turawa ba. Na ce ya tafi shi kaɗai. Ya ce Bazazzagi ba ya barin bawansa a gida. Ya ɗaga ranar. Da ta zo, ya sake ɗagawa.

Ganinmu na ƙarshe, ya tsaya ƙofar gidana da motar, maƙwabta na leƙe. Ya miƙo mini leda. Hular kwano ce baƙa, a cikinta ya sa 'yar farar tashi-ka-fiye-naci.

"Ka sa wannan a ƙasa, kwano a sama. Kanka a rufe. Saura wace hujja, Bakano?"

Na ce wannan hular yara ce. Ya yi dariya har da tari, ya ajiye ledar a bakin ƙofa ya ce, "Wata mai zuwa ne. Ina jiranka."

Bai taɓa taka filin ba. Ni yake jira.

Har yanzu ban ce dokarsu daidai ce ba. Amma da ya tafi abinsa, da ko sau ɗaya ya ji iskar nan.

Ɗazu na ɗauko ledar daga bayan ƙofa, na gwada. Ta zauna mini cif. Ban san yadda ya san girman kaina ba.

Nasiru, kai ne babban ɗansa, kuma na san kana karantawa. Na ji kun daɗe kuna so a rabu da motar. Kada ka sayar, kada ka soke ranar. Kai za ka tuƙa, ni ina kujerata. Kuma ba cire hula zan yi ba, canjawa zan yi, kowa ya sani.

Allah ya jiƙan Habu, ya yafe masa, ya yalwata kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Har ku da kuka yi masa dariya.