Littattafan da Baba Manu ya ɗaga sama

Jama'a, littafin rabon gadon nan da ya ɓata ya fito yau, ku ji inda yake.

Na yi sammako daga Gwandu zuwa laburaren makarantarmu a Kalgo, ga jarabawa gobe. Kwamfuta ta nuna yana ciki, amma kantar da ake ajiye shi wayam. Madam Rifkatu mai kula da wurin ta ɗauko sabuwar na'urar da ke jin alamar da aka manna wa kowane littafi. Muka bi layi-layi, shiru. Muna isa gindin wata doguwar kabad sai ta hau ƙara. Na taka kujera na leƙa saman kabad ɗin. Littattafan Larabci ne jibge, an lulluɓe su da ƙyalle mai tsabta, har da wanda nake nema!

Sai ga Baba Manu mai shara. Madam ta ce, "Baba, aikinka ne?"

Ya ce, "Awo, ɗiyata. Kun aje ayar Allah a kantar ƙasa, kusa ga takalma. Ni kau in ƙyale?"

Madam ta yi dariya har da hawaye, ta ce daga yau kantar sama ta littattafan nan ce.

Baba ya ce, "To, ki faɗa ma kwamfutar taki."