Kujerar Bayan Babur ɗin Baba

Shekara talatin da ɗaya Babanmu ya yi yana raba wasiƙu, kuma duk a kan babur guda, irin tsohon nan mai faɗin baya da ƙananan tayoyi. Ba mai yawan magana ba ne, amma wajen taurin kai ban ga na biyunsa ba. Bai taɓa kai babur ɗin wurin bakanike ba, wai ba su san halinsa ba. Da ya yi ritaya, Mama ta zama fasinjarsa ɗaya tilo, daga asibiti zuwa kasuwa zuwa gidan ƙanwarta, bai ƙara fita shi kaɗai ba.

Sati biyu da rasuwar Mama, babur ya ƙi tashi.

Wata huɗu Baba yana fama a gareji. Ya canza filogi, ya kwance kafireta ya wanke, ya zuƙi tiyon mai da baki har ya ƙware. Abinci sai an yi da gaske yake ci, duk ya rame. Yayanmu ya gaji, ya ce, "Baba, ƙarfen nan zai kashe mana kai. In bai tashi ba zuwa Asabar, zan kawo mai sayen tsofaffin ƙarafa."

Ran Alhamis da rana na kai masa abinci, na tarar ya tura ƙofar garejin don ya iya ganin tartsatsi a duhu. Ya ɗora filogi a jikin inji, yana ta buga kik, ko ƙyas. Gajiya ta sa na zauna a kujerar baya. Ya sake bugawa, sai ga wuta shuɗiya ta yi tsalle.

"Sauka," ya ce. Na sauka, babu wuta. "Hau." Na hau, ta dawo.

Ya ɗaga kujerar. Ashe wata waya ce ta cinye a ƙarƙashi, ba ta haɗuwa sai nauyi ya danne ta. Shi kuwa Baba tun da ya yi ritaya bai ƙara tada babur ba sai Mama ta hau ta gyara zama, ƙafafunta biyu a gefe ɗaya, shi ya sa bai taɓa lura ba.

Daɗi ya kama ni. Na ce, "Shi ke nan, a ɗaure wayar mana!"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar da kujerar. "Bar ta haka," ya ce. Na yi ta masifa, ko kallona bai yi ba.

Safiyar Asabar na leƙa da kaina, wayar tana nan yadda take. Yaya ya iso da mai sayen ƙarafa da kurarsa. Baba ya turo babur tsakar gida, ya riƙe kan da hannu biyu, ya tsaya kamar mai jiran wani ya gama ɗaura ɗankwali.

Sai na ga bayan babur ɗin ya ɗan yi ƙasa. Da kunnena na ji ƙarar sifirin. Baba ya buga kik sau ɗaya, inji ya kama.

Mai sayen ƙarafa ya ja da baya, ya juya kurarsa, ko sallama babu. Yaya ya yi dariya, ya ce, "Kai, Baba, ashe ka gyara!" Ni kuwa idona na kan kujerar baya, don ta lotsa, kuma lotsawar ta karkata gefen hagu.

Baba ya hau ya nufi ƙofar gida a hankali, yana kauce wa kwatami. Ban san sanda na ɗaga murya ba.

"Mama, riƙe shi da kyau, bai ci komai ba tun jiya."