Bom a Ramin Lif

Shekara ashirin da biyu Muzaffar Shakir ya yi yana tuƙa lif a wata ma'aikata da ke bakin kogin Dijla, a Bagadaza. Abu Ragad ake ce masa. Ginin hawa goma ne, zallan kankare da gilashi, kuma ko tari darakta ya yi daga nesa ya san wane ne.

Da jirage suka yi ruwan wuta a 2003, hawa uku na sama suka ƙone. Bom ɗaya ya ɓula rufi, ya ratsa ta gefen lif, ya kwanta a ƙasan rami bai tashi ba. Lif kuwa ya maƙale ƙasa kaɗan da hawa na biyar, igiyoyin ƙarfe kaɗai ke riƙe da shi.

Ma'aikata suka watse, iyalan da suka rasa gidaje suka tare a ƙasa. Abu Ragad ya ɗaure ƙofofin ramin da sarƙa, kullum yana zuwa gadi ba wanda ya sa shi.

Wata safiya ya tarar da masu tara ƙarfe su uku a hawa na biyar, sun ɓalle sarƙa, sun tayar da injin yanka za su yanke igiyoyin lif.

"Baffa, matsa," in ji babbansu, mai bindiga a ƙugu. "Gwamnatinka ta mutu, kai kaɗai ba a yi wa gaisuwa ba."

"Akwai bom a ƙasa. Akwai mata da yara."

"To, sannu. Kana so ka sayar da igiyar kai kaɗai."

Abu Ragad ya zura ƙafa ya sauka kan rufin lif, ya rungume igiyar. Lif ya yi wani kuka, ya ɗan nutsa.

"Bismillah, yanke. Ni zan riga ka, amma ba da nisa ba."

Mutumin ya haska tocila ƙasa, ya hango bom ɗin. Ya daɗe yana kallo.

"Kashe injin," ya ce wa mai injin. "Hajji, don girman Allah fito. A hankali."

Su suka jawo Abu Ragad waje.

Sai bayan wata huɗu aka zo aka kwance bom ɗin. Daga baya aka tashi iyalan, aka kewaye ginin da kwano. Wasu suka ce a rushe, wasu suka ce tarihi ne, har yau ba a gama gardama ba. Shi dai ciwon gwiwa ya mayar da shi garin Kut, wurin 'yarsa.