Tagullar Mati

Jama'a, ni ba mai yawan rantsuwa ba ne, amma wallahi tallahi abin nan da ni ya faru, kuma da rana tsaka, balle wani ya ce magagin barci ne. A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina koyar da sana'ar hannu a wata firamare a Karaye, duk Juma'a in hau babur in tafi gida Rogo in duba mahaifina.

Ina da wata ɗabi'a da ake yi min dariya a kai, wato ƙera jirgin ƙasa na wasa. Gwangwanin madara da langa-langa su zama taragu, waya ta zama dogo, in kwaɓa yumɓu in yi tudu da kwari a kan faffaɗan katako. Matata takan ce, "Malam, gemu ya fito ana wasan yara." In ce mata gado ne.

Kuma gadon ne. Baba ya yi aikin reluwe, mai duba dogo ne a wani ɗan reshe can yamma da Rogo, inda a da ake lodin gyaɗa, an daɗe da daina bin sa. Sai dai bai taɓa ba mu labarin aikin ba, ko jirgi ka ambata sai ya miƙe. A shekarar nan idonsa ya tafi, ya kwanta a ɗaki ya juya wa kowa baya, abinci sai an yi da gaske, ina kallo tsohon nan yana ƙarewa raina yana ƙuna. Na ce bari in ƙera masa wurin aikinsa, in ido ba ya gani ai hannu yana shafawa. Yayata ta ce kar in taɓo masa tsohon miki, ni kuwa taurin kai a wurinsa na gada.

Wata Asabar da kaka na ɗauki littafin zane na tafi, na bar babur a wata ruga na taka da ƙafa. Kai, wuri ya mutu! Dogo ya yi tsatsa, wani wajen ma an ɓalle shi an kai maƙera, gara ta cinye katakon da ke ƙarƙashin dogon, gero kuwa an shuka shi har kan hanyar jirgi. Na wuce wani kwalbati da rafinsa ya ƙafe, na zauna a gindin wata tsamiya ina zane, ina jin daɗi abina.

Sai na ji ƙwal, can kuma ƙwal. Na ɗaga kai, ga mutum yana tafe a kan layin, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, da gajeren wandon kaki da doguwar guduma, yana dukan dogo yana kasa kunne. Kayansa jiƙe suke sharkaf har ƙirji, na ce a raina wannan ko a rijiya ya faɗa? Muka gaisa sosai, har da tambayar iyali. Ya leƙa littafina ya ce, "Zanen ya yi, amma ka manta dutsen da muke zama." Na duba, ga dutsen nan kuwa ciyawa ta rufe shi.

Ya ƙare min kallo ya yi dariya. "Kai ɗan Tanko ne. Kunnuwan nan ba sa ɓuya."

Na ce ƙwarai, ka san shi ne? Sai ya zaro wata 'yar tagulla mai huji kamar tsohon kwabo ya sa min a tafi, sanyi ƙalau. Ya ce, "Ka kai masa. Ka ce Mati ya iso, layi lafiya lau, ya saki ransa."

Ya saɓa guduma ya yi gaba. Ina kallonsa har ya kai inda aka ɓalle dogon, ƙasa ce zalla, ya kai duka, kuma wallahi ƙarar ƙarfe na ji, ƙwal. Nan na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina, kafin in gama ya shige cikin gero. Yadda na isa rugar nan ban sani ba. Dattijon da na bar wa babur ya ce, "Mai guduma? Mu jin sa muke, ba ma ganinsa. Bai taɓa cutar ko ɗan maraƙi ba."

Tsoro ya hana ni kai saƙo sai da na gama aikin, mako uku. Na kai katakon ɗakin Baba, na ajiye tagullar a kan ɗan dutsen, na kama hannunsa na ɗora a kan wayar. Ya so ya janye, sai kuma yatsunsa suka fara bi. Da suka zo kwalbati suka tsaya, suka wuce, suka iso tsamiya, suka taɓa tagulla. Ya murza ta ya sake murzawa, ya ce, "Ina ka samo wannan?" Na faɗa masa komai.

Sai ya sa hannu a wuyansa ya zaro irinta sak, a zaren da muke zaton laya ce. Ashe ƙa'idar aikinsu shi da Mati, kowa ya taso daga nasa ƙarshen da safe yana duba dogo, su haɗu a tsamiya su yi musayar tagulla, kowa ya koma ya nuna wa shugabansu shaidar ya kai iyakarsa. Ranar da aka haife ni an kwana ana ruwa, Baba ya tsaya a kan haihuwa bai fita ba. Mati ya jira ya gaji, ya ce bari ya duba wa abokinsa nasa ɓangaren, ruwa ya tafi da shi a kwalbatin nan. Baba ya ce, "Shekara talatin da wani abu ina ganin ni na kashe shi." Ya yi kuka, ni ma na yi, ba na jin kunyar faɗa. Da ya share ido ya ce, "Wai ba a dama fura a gidan nan ba ne?"

Washegari ya miƙo min tasa. "Kai masa. Musaya ake yi, ba a karɓa kawai." Na koma gindin tsamiyar, na ɗora ta a kan dutsen, na yi wa Mati addu'a, na shafa, na buɗe ido. Babu tagulla. Na tone ciyawar nan kaf ban gan ta ba.

Na san mamaci ba ya dawowa, na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne Musulmi, wani ya ce in bar wa Allah saninsa, na kuma bari. Abin da na sani shi ne Baba ya tashi, ya ƙara shekara shida, yana ba jikoki labarin jirgi har su gudu. Ku kuma, in kun ga tsohonku yana gudun wata magana, ku lallaɓa ku ji, wataƙila kaya ne ya rasa mai sauke masa. In kuma an ba ku saƙo, kar ku yi mako uku irin nawa. Tagullar Mati tana wurina har yau, kuma duk ranar da hadari ya haɗo, in na taɓa ta sai in ji ta a jiƙe.