Tamu Ce, Kogi, Sake Ta

Kakata Iya Dije ba ta taɓa yin tatsuniya kyauta ba. Ladanta amshi ne. A Ruwan Bago muka tashi, gidan manoma, kuma bayan girbi, da zarar an side kwanon tuwo, sai mu cika ɗakinta mu kewaye wutar kara. Kowa da ƙoƙon gyaɗa a cinya yana ɓara, don Iya ta ce kunne ba ya hana hannu aiki. Sai ta gyara zama, ta dubi ƙofa kamar ta ji sallama, ta ce, "Ga baƙuwa nan ta iso." Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Idan yaro ɗaya ya yi shiru, ba za ta ci gaba ba. Ta zuba masa ido ta ce, "Kai maigidana, aron bakin naka ka bayar?"

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Ladi. Ladi 'yar wata mata ce da ba ta da kowa sai ita. Ta je ɗebo ruwa, kogi ya haɗiye ta har da tulun. Uwar ta tsaya a gaɓa tana kuka, kogi ya ce mata, "Yarinyar da mutum ɗaya kaɗai ke nema, me za ta koma yi a tudu? In ta gari ce, gari ya faɗa." Uwar ta bi gida-gida, ta tattaro manoma da masu shanu, ta tsaya a gabansu ta rera: "Kogi mai cin tulu, 'yar wa ka riƙe?" Gari ya amsa: "Tamu ce, kogi, sake ta!" Duk amshi ɗaya, Ladi ta ɗan taso. Kitso ya fito, sai goshi, sai kafaɗa, har ta taka tudu da ƙafarta.

To, mu ne garin. Iya ta rera, mu amsa. Wata rana sanyi ya yi yawa, cikinmu ya cika, muka yi ta amsawa da gyangyaɗi. Iya ta ja zanenta ta rufe ƙafa ta ce, "Ruwa iya wuyanta yake. Tunda garin ya yi barci, can za ta kwana." Na yi kuka, na yi magiya, ta juya mini baya. Washegari na bi yaran gidanmu ɗaya bayan ɗaya ina ja musu kunne. Da dare ya yi, amshin da muka yi sai da awaki suka miƙe a turke.

Ni na gaji Iya. Ban shiga aji ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma daga Beli har Karaye, gidan sunan da na je, yara ba sa barina in tafi da wuri. Sai dai tsufa ba ya shawara da mutum. Tari ya ci muryata, waƙa biyu in na yi sai ta dushe. Jikokina kuma na gidan ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa, a Rogo Sabon Gari suka tashi gaban talabijin. Ko tatsuniya ɗaya ba su taɓa karɓa daga bakina ba. Abin yana cina, ina tsoron in tafi da Ladi kabari.

Bilkisu, 'yar 'yata da ke koyarwa a Karaye, ita ta zo mini da kwamfutarta wata ranar da muryar ta ɗan saki. Ta jira aka yi magariba, don na ce ba na tatsuniya da rana, ta ɗauke ni hoto da murya. Ta nuna mini wani ɗan abu da bai wuce akwatin ashana ba, ta ce idan ta soke shi a bayan talabijin, duk abin da ke cikin kwamfutar zai tsallaka ta iska ya fito a bango, ba igiya ba komai.

Na ce, "Daga nesa kina iya tsayar da ni?"

Ta ce, "Ko daga kicin, Hajiya."

Na ce, "To ga sharaɗina. In na rera ba su amsa ba, ki tsayar da ni. Kada ki sake ni sai gari ya yi magana."

Ta yi dariya ta ce, "Tsohuwar nan, rigimarki ta fi ƙarfin na'ura."

Da Sallah muka taru a gidan ɗan farin nawa. Bayan an ci abinci, Bilkisu ta soka abinta, ta koma can lungun falo ta zauna da kwamfutar a cinya kamar ba ruwanta. Sai ga ni a bango, fuskata ta fi faifai girma. Yara suka yi ta ihu suna nuna giɓina. Amma da kogi ya haɗiye Ladi, falon ya yi tsit. Ni ta bango na ce, "Ku ne garin," na rera waƙar uwar. Ba wanda ya amsa. Wa ya taɓa amsa wa talabijin? Nan take na daskare a bangon, bakina a buɗe.

"Anti Bilki, ta maƙale!" in ji Sadik, babbansu. Ya tashi ya leƙa bayan talabijin yana taɓa ɗan abin.

Bilkisu ta ce, "Bar shi, lafiyarsa ƙalau."

Ƙaramarsu, Ummi, ta juyo inda nake zaune ta ce, "Hajiya, Ladi fa?"

Na ce, "Tana cikin ruwa."

Na ga Sadik ya fara laluben waya a aljihu. Na ce a raina, shi ke nan, Iya, a hannuna Ladi ta nutse.

Sai muka ji murya daga bakin ƙofa, mai kauri: "Tamu ce, kogi, sake ta." Babansu ne, ɗan farin nawa. Mutum mai furfura a gemu, wanda tsakanina da shi sai gaisuwa da sunkuyar da kai. Ashe tun yana yaro, yana raɓe a bayan zana ina yi wa ƙannensa, ya haddace ta. Bilkisu ta taɓa kwamfutarta, na motsa a bango na ce, "Kitso ya fito!"

Ummi ta daka tsalle: "Tana jin mu! Wallahi tana jin mu!" Da na sake rerawa, har matan da ke wanke-wanke a tsakar gida suka amsa. Sadik, mai waya, shi ya fi kowa buɗe maƙogwaro.

Da ina yarinya na ɗauka Iya tsanani kawai gare ta. Yanzu na gane abin da take shukawa. Wanda aka bari shi kaɗai yana kira, ruwa zai ci abinsa yana kallo, kuma ɗan da ya saba amsawa a ɗakin kakarsa ba zai ji kukan maƙwabci ya gyara kwanciya ba. Na gode wa Allah da ya nuna mini zamanin da murya ke tafiya ta iska, na kuma gode wa jikata da ta san inda za ta tsayar da ita.

Na ce wa Bilkisu, ko bayan raina, kada ta bar ni in wuce wurin nan ba amshi. Ta ce ba sai ta wahala ba. Yanzu Ummi ce ke zama gaban kwamfutar, yatsa a shirye, tana hararar duk wanda bai buɗe baki ba.